Wat Huɗun Rediyon Baba

Asabar, 2 ga wata, 5:30 na yamma

An sallamo Baba daga asibiti. Mutum biyu suka hawo da shi bene a kan kujera, na uku ya rungumo injin iskar, ni ina baya da leda biyu da filo. An ajiye injin a gefen gado. Akwati ne mai ƙafafun taya, roba ta fito daga cikinsa ta zagaye kunnuwan Baba ta shiga hanci. Ya yi gurnani, ya yi "fuu", ya sake gurnani. Haka zai yi ta yi.

Sharaɗin likita ɗaya ne, kada injin ya tsaya. Na gaya masa a layinmu ana ɗauke wuta daga goma na safe zuwa huɗu na yamma, kullum ban da Lahadi, kuma a bene muke, ba wurin janareto. Sai ya ajiye biro. Kafin ya buɗe baki Baba ya ɗaga hannu daga gado na tara ya ce, "Likita, shekara arba'in ina aikin wuta. Akwai batir da inbata a gidana, da hannuna na haɗa su. Awa bakwai suke riƙewa." Likita ya dube ni. Na ce haka ne. Ya ce to, duk ranar da batirin ya gaza, a dawo da shi gadonsa.

Akwai wata magana da ya yi min a bakin ƙofa. Ba don ita na buɗe wannan littafi ba.

Lahadi, 3 ga wata, 11:00 na safe

Baba ya ce in jawo akwatin kayan aikinsa daga ƙarƙashin gado. Can ƙasa, cikin tsohuwar safa, akwai wata 'yar mita fara, ba ta kai tafin hannuna ba. A soka ta a soket, a soka kayan wuta a jikinta, sai gilashinta ya nuna wat nawa na wuta kayan ke ci. In ka danna maɓalli sau ɗaya kuma ta nuna awa nawa ya yi yana aiki.

"Soka injin," in ji shi.

Na ce sai na kashe shi fa. Ya ce, "Minti ɗaya ba ya kashe mutum, Auta." Na zare, na soka a mitar, ban ko yi jinkiri ba. Na lura da haka.

340.

Ya ce in rubuta. Batirin yana ba da dubu biyu da ɗari huɗu, in raba da ɗari uku da arba'in. Bakwai da 'yan kai. Awa shida ake ɗauke wuta, awa ɗaya ta rage mana ta ko-ta-kwana. Amma fa in injin ne kaɗai a kai. Duk abin da aka bari a soke yana gutsurar wannan awa. "Da yayyafi kogi kan cika," in ji shi, ya rufe ido.

Lahadi, 4:15 na yamma

Firij 110. Fanka 55. Talabijin a kunne 70, a kashe 9. Na sake aunawa, a kashen ma tara yake ci, shekara da shekaru yana zaune yana cin mu ba mu sani ba. Butar lantarki 1,900, Allah ya shirye ta. Dutsen guga 1,100. Cajar wayata 6. Cajar ba waya a jiki, rabi.

Rediyon Baba 4.

Litinin, 4 ga wata, 8:10 na safe

Gwaggo, ƙanwar Baba, ita za ta riƙa zama da shi in na tafi shago. Ta same ni durƙushe a bayan firij.

"Wannan kuma fa? Firij ɗin ma awon jini ake masa?"

Na nuna mata takardar da na manna a ƙofa. Kafin goma a zare komai. Ba fanka, ba caji, ba shayi. Ta karanta tana motsa baki, ta leƙa ɗaki ta ce, "Yaya, ka ga abin da ka haifa? Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe." Baba ya yi dariya har ta zama tari.

Na zare rediyon na naɗe wayarsa na ɗora a kan kabad. Tsohon rediyo ne, gidan batirinsa ya daɗe da tsatsa, sai da wuta yake yi. Tun ina goye yake tafiya da shi wurin aiki. Akwai shirin da yake ji ƙarfe sha biyu, mutane su bugo waya su yi ta gardama a kan abin da bai shafe su ba, shi kuma ya yi ta ba su amsa daga nan. Ya bi hannuna da kallo har kan kabad ɗin.

Na ce, "Da yayyafi, Baba."

Ya ce, "Haka ne."

Litinin, 6:20 na yamma

Ya riƙe.

Talata, 5 ga wata, 1:30 na rana, a shago

Na zo da mitar a jaka. Injin kwafi yana ci 1,300 in yana ɗumama, 60 in yana zaune. Kwamfuta 85. Injin manna leda 400. Wata mata ta kawo takardun makarantar ɗanta a yi mata kwafi, na bar ta tsaye ina duban lamba. Mai shago ya kawar da kai. Tun da aka kwantar da Baba ya daina yi min faɗa, ni kuwa da ya yi faɗan ya fi min.

Laraba, 6 ga wata, 7:00 na yamma

Yaya, wana, ya bugo daga garin da yake aiki. Ya tambayi jiki, na karanta masa lambobin. Ya ce, "Auta, jikin Baba na tambaye ki, ba firij ba." Na ce da sauƙi. Ya ce zai nemi hutu ƙarshen wata. Na buɗe baki in ce masa ƙarshen wata da nisa. Na ce Allah ya kaimu.

Baba ya ci cokali huɗu. Na sauko masa da rediyo, ya ce in bar shi, shirinsa ya wuce, kuma da yamma kansa ba ya ɗaukar surutu. Na mayar.

Alhamis, 7 ga wata, 8:05 na safe

Nas ta zo daga asibiti, duk Alhamis za ta riƙa zuwa. Doguwa ce, ba ta da yawan magana. Ta matse wani abu a yatsan Baba, ta rubuta. Ta tambaya ko batir yana riƙewa. Na ce ƙwarai, har na nuna mata lissafin. Ta ce da duk gidaje haka suke da ta huta.

Ban ji daɗi ba, ban ji akasinsa ba. Na tsaya na duba cikina, babu komai.

Juma'a, 8 ga wata, 6:00 na yamma

Na auna duk abin da ke da filogi a gidan nan, har da injin askin Baba, 7. Babu sauran abin aunawa. Na mayar da mitar jikin injin iskar, na danna ta koma sifili. Gobe war haka ta nuna awa 24.

Asabar, 9 ga wata, 6:00 na yamma

22:05.

Ƙila ban danna da kyau ba jiya. Na sake dannawa.

Lahadi, 10 ga wata, 6:00 na yamma

24:00. Ba a ɗauke wuta ba yau.

Na wanke masa kai. Gashinsa ya yi laushi kamar na jariri. Ya ce ruwan ya yi zafi, na ce bai yi ba, ya ce, "To auna shi mana." Na yi wanki, na yi guga. Dutsen guga 1,100, bai canja ba.

Litinin, 11 ga wata, 6:00 na yamma

21:55.

Talata, 12 ga wata, 6:10 na yamma

22:00.

Na tambayi Gwaggo ko tana taɓa mitar. Ta ce, "Ni? Me na haɗa da ita? Ko kallonta ba na yi." Ba ta kalle ni ba ni ma. Ta ɗauki jakarta ta manta da tabarau, sai da na bi ta da shi har matattakala.

Na tambayi Baba. Ya ce mitar ta tsufa, dama can arha ce, wani lokacin takan yi gyangyaɗi. Na ce amma ran Lahadi ba ta yi ba. Ya ce, "Ita ma ta san ranar hutu." Ya juya fuska bango.

Leɓensa sun canja launi. Ko hasken ɗakin ne.

Laraba, 13 ga wata, 5:40 na yamma

Na soka fanka a mitar, na ajiye agogo a gaba, na zauna. Awa ɗaya cif. Mitar ta ce 1:00.

Ba ta gyangyaɗi.

Alhamis, 14 ga wata, 8:20 na safe

Nas ta daɗe tana duban abin yatsan. Ta tambaya ko injin yana tsayawa. Baba ya riga ni, ya ce ko na ƙiftawar ido. Ni ina gyara labule. Labulen ba abin da ya same shi.

Ba ƙarya na yi ba. Ban san komai ba tukuna. Lamba ce kawai da ba ta cika ba.

Juma'a, 15 ga wata, 3:00 na rana

Zan rubuta yadda ya faru bi da bi.

Takarda ta ƙare a shago, mai shago ya ce in tafi gida. Sha biyu da kwata na iso. Tun daga matattakala na ji abin da ba na ji. Kwana goma sha uku ana jin gurnanin nan daga hawa na biyu. Yau shiru.

Ban yi gudu ba. Wannan ma na lura da shi. Na hau ɗaya bayan ɗaya, na buɗe ƙofa da mabuɗina.

Baba yana jingine da filo uku, robar tana hancinsa, bakinsa a buɗe, ƙirjinsa yana hawa da sauka da ƙarfi. Agogonsa yana tafin hannunsa, idonsa a kai. Gwaggo tana masa fifita da kwalin magani. Injin a kashe. Gilashin mitar 0.0.

Gwaggo ta ce, "Na shiga uku."

Baba bai ɗago ba. Ya ɗaga yatsa, wai in jira. Na jira. Wallahi jira na yi, ina tsaye da jaka a kafaɗa. Can ya ce, "Yanzu." Gwaggo ta danna. Gurnani, fuu. 340.

Sai da numfashinsa ya daidaita ya yi magana, guntu-guntu. Batirin ya daɗe da gajiya. Awa bakwai yake yi lokacin da yake sabo. Tun bara awa huɗu yake yi, in ya yi ƙoƙari. Wuta kuma awa shida take tafiya. To in aka bar injin ya yi ta yi, ƙarfe biyu zai mutu, a yi awa biyu a jere ba iska, wannan kam ba zai iya ba. Amma in aka raba, minti ashirin a kashe, arba'in a kunne, sai a kai ƙarfe huɗu daidai. Ya lissafa tun yana gado na tara.

Na ce, "Baba, ka sa na yi wa likita ƙarya."

Ya ce, "Ke gaskiyarki kika faɗa. Ni na yi."

Na ce zan kira Nas.

"Kira ta. Za su zo da kujera. Za su mayar da ni kusa da mutumin nan mai kiran sunan matarsa. Fitilar da ke saman gadon tana ƙyaftawa, Auta, kwana ashirin ina kallonta, waya ɗaya ce ta saki, kuma ba su bar ni na gyara ba." Ya huta. "Na ji abin da likita ya gaya miki a bakin ƙofa. Huhuna ne ya lalace, ba kunnena ba. A nan nake so."

Gwaggo tana kuka a cikin gyalenta. Ta ce ya sa ta rantse ne. Ta ce ashirin ɗin nan kullum sai ta ji kamar ita ake shaƙewa.

Na ajiye jaka. Na shiga kicin na wanke kofuna biyu da suke a wanke.

Juma'a, 6:00 na yamma

22:00. Lambar Nas tana kan waya. Na duba ta. Cajar 6.

Asabar, 16 ga wata, 9:15 na safe

Na je shagon masu batir kafin aiki. Irin namu biyu ake haɗawa, kuma dole su zama iri ɗaya. Babu. Sai mota ta zo, ƙila mako mai zuwa, ƙila na sama. Na zaga shago uku, amsar ɗaya. Na kira Yaya na ce ya nemo daga can ya aiko. Ya ce, "Ba Baba ya ce nasa garau yake ba?" Na ce ƙari ne kawai. Ya ce zai ba wani direba.

Yanzu mu biyu ke nan masu ƙarya, uku da Gwaggo.

Lahadi, 17 ga wata, 6:00 na yamma

24:00.

Litinin, 18 ga wata, 4:20 na yamma

Na ɗauki hutu a shago. Na ce wa Gwaggo ta zauna gida ta huta, ta ce in na sake faɗa sai ta ci mutuncina, ɗan'uwanta ne kafin ya zama ubana. Ta zo. Amma agogon ni na riƙe.

Sau shida. Arba'in ɗin ba a jin wucewarsu. Ashirin ɗin kuwa, biyar na farko yana hira, biyar na biyu yana ɗaga kai in an yi magana, daga nan sai ido. A na huɗu na kunna a minti sha bakwai. Ya harare ni. Da ya samu iska ya ce, "Ukun nan da kika ci, a ƙarshe za su fito." Sun fito. Huɗu saura minti uku inbata ta fara kuka, ta ɗauke. Muka zauna. Huɗu da minti biyu aka kawo wuta.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gobe ba zan taɓa ba sai ya ce.

Talata, 19 ga wata, 4:30 na yamma

A cikin ashirin na biyu babu abin ji a ɗakin sai numfashinsa da kwalin Gwaggo. Na rasa inda zan sa idona, na ɗaga kai, sai ga rediyo a kan kabad, ƙura ta hau shi.

Na juya bayan littafin nan. Huɗu sau awa shida, ashirin da huɗu. Injin yana cin ashirin da huɗu a cikin minti huɗu. Na sake yi. Na sake. Minti huɗu da ɗan abin da bai kai a faɗa ba.

Sati biyu ke nan yana kwance a nan daga goma zuwa huɗu, ba fanka, ba talabijin, yana jin numfashin kansa. Na auna, na rubuta huɗu, ban taɓa raba ta da komai ba. Na ga dai lamba ce, na zare.

Na hau kujera na sauko da shi. Na goge da gefen zanina.

Na ce, "Baba, minti huɗu ne."

Ya ce, "Na sani."

"Ka sani, ka yi shiru?"

"Shekara arba'in ban ga kin taɓa akwatina ba. Ranar nan na gan ki da mita kina zagaya gida, kina rubutu, fuskarki ta ɗan dawo. Sai in ce miki aikin banza kike?" Ya ja iska. "Mutum in ba abin da zai iya yi, ka bar masa ɗan abin da ya samu."

Na soka. Sha biyu ta yi. Wani ya bugo yana cewa laifin masu tuƙi ne, wani ya ce a'a, na masu tafiya a ƙasa ne. Baba ya ce, "Ji wawa." Gwaggo ta ce, "Wanne?" Ya ce, "Duka biyun."

Ya ce a cire huɗun daga nasa, a ƙara minti ɗaya-ɗaya a kan ashirin huɗu. Na ƙara. Bai lura da wucewarsu ba, yana can yana gardama da wani mai cewa kaji ba sa mafarki.

Laraba, 20 ga wata, 6:00 na yamma

21:56.

Alhamis, 21 ga wata, 8:40 na safe

Nas ta matse yatsa, ta duba, ta canja yatsa. Ta rubuta. Idonta ya sauka kan mitar da ke jikin bango, ta tambaya mece ce. Na ce ta auna wuta ce. Ta sunkuya. Gilashin yana kan 340. In ta danna maɓallin nan sau ɗaya awoyi za su fito, amma tun shidan jiya na mayar da su sifili, ba abin da za ta gani. Duk da haka na ji ƙafata ta matsa na tsaya a tsakaninsu.

Ta miƙe. Ba Baba ta tambaya ba, ni ta tambaya.

"Batirin yana riƙewa?"

Baba ya rufe ido. Gwaggo ta shiga kicin.

Na ce, "Yana riƙewa."

Ta daɗe tana kallona. Ta rufe jakarta. A bakin matattakala ta ce, ƙasa-ƙasa, "Gado na tara yana nan in kuna so. Amma ban ce zai ƙara masa komai ba." Na ce na gode. Ta ce in riƙa jiƙa masa leɓe da auduga.

Da na dawo Baba ya ce, "Auta." Na ce na'am. Ya buɗe ido. Ya miƙo min agogon.

Juma'a, 22 ga wata, 2:10 na rana

Cokali ɗaya. Yaya ya ce direban ya taso, motar ta lalace a hanya.

Baba ya daina ba su amsa. Amma in na rage murya sai ya motsa yatsa.

Asabar, 23 ga wata, 5:00 na yamma

Yau ya yi magana sosai. Ya sa na jawo akwati, ya nuna min abin gwada wuta, ya ce kada in taɓa waya da hannu biyu, ɗaya a baya kullum. Ya ce soket ɗin kicin yana zafi, in sa a canja, kada in yarda da mai cewa a naɗe da tef. Ya ce mitar tawa ce. Ya ce wa Gwaggo fifitarta ba ta kai wat biyu ba, ta ce, "To tashi ka yi da kanka, Injiniya."

Na ce wa Yaya kada ya jira ƙarshen wata. Ya ce, "Auta, me kike gaya min?" Na ce abin da ka ji.

Lahadi, 24 ga wata, 12:40 na rana

Baba ya rasu. Akwai wuta.

Lahadi, 3:30 na rana

Akwai wuta tun safe, ba a ɗauke ba ko sau ɗaya. Injin yana aiki. Rediyo yana yi, ba shirinsa ba ne, wata ce ke bayanin yadda ake shuka a buhu. Ina jiƙa masa leɓe. Na duba mitar bayan nan, 340, tana ta nunawa.

Gwaggo ce ta danna makunnin injin. Ni na ce a bari tukuna. Ban san me nake jira ba.

Akwai wuta. Ina so a san wannan.

Talata, 26 ga wata, 10:30 na safe

Gida ya cika da mutane. Suna ta cewa na yi ƙoƙari, na yi haƙuri, wata ta ce ba ta taɓa ganin mai dauriya irina ba. Wani ya soka butar lantarki bayan an ɗauke wuta, inbata ta yi ƙara, na taso da gudu daga ɗaki na fizge filogin. Kowa ya juyo yana kallona. Sai na tuna. Na ce su yi haƙuri.

Batiran sun iso. Direban ya hau da su da kansa, yana haki, yana ba da labarin motar. Da ya ga takalma a bakin ƙofa ya katse labarin. Ya ce in sa hannu. Na sa. Suna nan a kwalinsu.

Yaya ya ga littafin nan a kan tebur, ya buɗe shafin lambobi, ya ce, "22 ɗin nan fa?" Na ce mitar takan yi gyangyaɗi. Ya dube ni, ya dubi Gwaggo, ya rufe. Wata rana zan gaya masa.

Alhamis, 28 ga wata, 10:20 na safe

Nas ta zo da mutum ɗaya suka ɗauki injin, akwai mai jiransa. Ta naɗe robar ta sa a shara. Ta riƙe hannuna ta ce a gida ya so, kuma a gida ya samu. Tayoyin sun bar layi biyu a kan leda.

Mitar tana jikin bango, 0.0. Na soka rediyon. 4.

Goma ta yi, aka ɗauke. Tsohon batir ya karɓa, ko tari rediyon bai yi ba. Na juya bayan littafi, hannuna ne ya yi, ba ni ba. Awa huɗu na injin, kusan dubu ɗaya da ɗari huɗu. Raba da huɗu. Awa ɗari uku da hamsin. Da Baba yana nan zai ce ban cire abin da inbata ke ci wa kanta ba. To a cire. A cire rabi ma. Batirin da ya kasa kai shi ƙarfe huɗu zai riƙe rediyonsa fiye da mako ba a kashe ba.

Alhamis, 12:05 na rana

Sun fara. Wani ya bugo yana rantsuwa wai talabijin in a kashe yake ba ya cin wuta.

Na ce, "Ji wawa. Tara yake ci." Na juya wajen gado in ga ko ya ji.

Gwaggo ta ce tun daga kicin ta jiyo kukana. Ta zo ta zauna a ƙasa kusa da ni, ta ɗora kaina a cinyarta. Ta miƙa hannu za ta rage muryar, na riƙe hannun.

Na ce, "Bar shi, Gwaggo. Huɗu ne kawai."